Lissafin Magani a Asibitocin Kaduna: Wace Irin Manhaja Ta Dace da Sitonku?

Abu biyu ne ke hana mai riƙe da makullin siton asibiti barci. Akwai maganin da ya ƙare ba wanda ya sani sai da likita ya rubuta shi, akwai kuma wanda wa'adinsa ya wuce yana kwance a bayan kanta alhali kuɗi aka zuba aka sayo shi. Tushensu ɗaya: ba a san abin da ke cikin ɗakin ba a lokacin da ake tambaya. "Yallaɓai, a kati akwai, a kanta ne babu." Duk shugaban asibitin da ya ji wannan amsa sau uku, zai fara maganar a mayar da sito cikin kwamfuta.

To, amma mayarwar iri-iri ce. Ana iya zama a kan katin sito a haɗa shi da Excel. Ana iya yin hayar manhajar da ke zaune a intanet ana biya wata-wata. Ana iya ɗauko ɗaya daga cikin manhajojin da aka saki kyauta a girka ta a kwamfutar cikin asibiti. Ana kuma iya kiran mai rubuta manhaja ya ƙera sabuwa daga tushe. Kowacce tana da masu yabonta, kuma galibi mai yabon shi ne mai sayarwa. Ni ra'ayina a fili yake: a Kaduna, tambayar farko ba yawan abin da manhaja ta iya ba ce, a'a, me take yi idan an ɗauke wuta kuma sabis ya tafi, sannan a hannun wa bayananku suke.

Abin da kowace manhaja za ta iya kafin a saurare ta

Magani ba shinkafa ba ne da za a ce buhu goma a wuce. Abu na farko da ke rikita lissafi shi ne ma'auni. Kaya yana shigowa sito a katan, ya fita zuwa famasi a kwali, a miƙa wa majinyaci a sacet ko a ƙwaya. Idan manhaja ba ta san katan ɗaya kwali nawa ne ba, kwali kuma ƙwaya nawa, to cikin mako guda lissafin zai kauce. Dubi maganin zazzaɓin cizon sauro, artemether-lumefantrine. Suna ɗaya ne, amma fakiti huɗu ne: mai ƙwaya 6 na yaro mai nauyin kilo 5 zuwa 14, mai 12, mai 18, da mai 24 na wanda ya kai kilo 35 zuwa sama. Manhajar da ta haɗa su a layi ɗaya za ta ce akwai magani, ita kuwa nas tana neman na jariri babu. Kuma idan na yara ya ƙare, ma'aikata sukan yanka na manya su bayar, wanda shi ma dole a sami inda za a rubuta shi.

Na biyu, lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi. Kowane kaya da ya shigo a rubuta shi da lambar da kamfani ya buga a jikinsa da ranar da zai daina aiki, kuma manhaja ta tilasta a fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa, ko da shi ne ya zo daga baya. Amfanin lambar rukuni yana fitowa ne ranar da NAFDAC ta yi shelar janye wani rukunin magani daga kasuwa. Mai wannan tsari zai san cikin minti biyu ko yana da shi, nawa ya rage, wane ɗaki aka kai sauran. Wanda ba shi da shi sai ya sauke kanta.

Na uku, wanda masu sayarwa ba su cika ambata ba: kada a iya goge abin da aka shigar. In an yi kuskure, a yi gyara da sabon layi mai ɗauke da sunan wanda ya gyara da dalilinsa, tsohon layin ya zauna a inda yake. A nan ne amana take. Musamman ga magungunan da doka ta sa wa ido irin su morphine, pethidine, pentazocine da tramadol, waɗanda dama suna da rajistarsu ta daban. Kowa ya san abin da ya sa gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kuma kowa ya san cewa ba duk abin da ke yawo a unguwa ne ya shigo ta kan iyaka ba.

Sai batun lissafin oda, kuma a nan nake so a ɗan tsaya. Yawancin manhajoji suna ƙididdige abin da asibiti ke ci a wata ta hanyar raba abin da aka fitar da yawan watanni. A ce an fitar da kwalbar ceftriaxone 900 cikin wata uku, sai manhaja ta ce kuna cin 300 a wata. Amma idan cikin kwana 90 ɗin nan an yi kwana 30 babu maganin sam, to a kwana 60 aka cinye 900, ainihin buƙatarku 450 ce a wata. Wanda ya yi oda a kan 300 zai sake yankewa, yankewar kuma ta sake rage masa lissafi, haka za a yi ta tafiya ƙasa. Ku tambayi mai sayarwa ko manhajarsa tana cire kwanakin da kaya ya yanke. Da yawa za su yi shiru. Haka nan yanayi: abin da ake ci na maganin zazzaɓi daga Yuli zuwa Oktoba ba shi ne na Janairu ba, ruwan gishiri da sukari da ruwan ƙari suna tashi da damina, lokacin zafi kuma sanƙarau ne abin tsoro. Matsakaicin wata uku da suka wuce ba ya hango damina, sai mutum ya sa hannu.

Akwai kuma kayan firji, allurar rigakafi da insulin da oxytocin, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, waɗanda ke son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Oxytocin da ya sha zafin Afrilu ranar da ke jikinsa ba ta wuce ba, amma ƙarfinsa ya ragu, kuma ungozoma ce za ta gane hakan a lokacin da mace ke zubar da jini. Manhaja ta ba da damar a keɓe rukuni a ce kada a taɓa shi sai an duba.

A asibitin gwamnati akwai ƙarin sarƙaƙiya guda. Magani iri ɗaya yana iya shigowa ta ƙofa biyu: na asusun juya kuɗin magani, tsarin da ya samo asali daga taron Bamako na 1987, wanda ake sayarwa a sake sayo wani, da na shirye-shiryen kyauta irin na zazzaɓi, tarin fuka, ƙanjamau da tazarar haihuwa. Ga kuma masu inshora a ƙarƙashin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar, da ke karɓa a biya daga baya. Idan manhaja ba ta raba su ba, asusun zai zube ba tare da an san ta ina ba.

Kati da Excel

Kada a raina shi. Ga ƙaramin asibiti mai sito ɗaya da mutum ɗaya a kai, katin sito da ake cikewa kullum tare da Excel da aka tsara da kyau sun fi manhaja mai tsada da ba a shigar mata da komai. Ba kuɗin wata, ba neman sabis. Iyakarsa dai a bayyane take: kowa na iya canza lamba ba a sani ba, mutum biyu ba sa aiki a fayil ɗaya cikin natsuwa, kuma ranar da kwamfutar ta mutu ko wanda ya tsara shi ya sami canjin wurin aiki, shi ke nan. Da zarar an sami famasi biyu, ko ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa suna ɗiba daga sito, Excel ya gama nasa.

Ta haya a intanet

Wannan ita ce ta fi daɗin kallo ranar da aka zo tallarta. Ba sai kun sayi babbar kwamfuta ba, kamfani ne ke ajiye bayanai yana kuma gyara kurakurai, mai asibiti yana iya duba sitonsa a waya ko yana Abuja. Ga wanda ke da rassa, a ce ɗaya a Barnawa ɗaya a Kawo, ganin kayan duka a allo ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, don ana iya kwashe wanda wa'adinsa ya matso daga reshen da ba ya tafiya zuwa inda ake nemansa.

Amma mu a Kaduna muna da tarihin da ya kamata mu tuna. A ƙarshen Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, aka yi kusan wata biyu kafin a buɗe. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, har bankuna suka ji a jikinsu. A Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki, kuma idan wuta ta daɗe ba ta zo ba, turakun sadarwa ma sukan fara tangal-tangal. Ba a ma maganar ɗaukewar sabis ta yau da kullum. Majinyaci ba zai tsaya jiran sabis ba. Za a ba shi magani a rubuta a takarda da niyyar shigarwa daga baya, kuma duk wanda ya yi aiki a famasi ya san makomar "daga baya". Kwana uku na irin wannan sun isa su raba abin da ke allo da abin da ke kanta, kuma da ma'aikata sun daina yarda da allon, sun koma littafi ke nan.

Saboda haka idan mai talla ya ce, "Ranka ya daɗe, tamu tana aiki ko babu intanet," kada ku yi musu, ku gwada. A cire waya daga bango, a kashe data, a karɓi kaya, a fitar, a buga rasit, a kashe kwamfutar a kunna, sannan a dawo da sabis a ga ko lissafin ya haɗu. A kuma gwada mutum biyu su fitar da kwalba ta ƙarshe a lokaci guda daga na'ura biyu. Wasu manhajojin abin da suke nufi da aiki babu intanet shi ne za ka iya kallon tsohon lissafi kawai.

Sai kuɗi. Idan hayar da dala ake biya, ku tuna dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu kafin nan ya ga kuɗin hayarsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Kamfanonin gida da ke karɓar naira sun fi sauƙi ta nan, sai dai a duba ko kuɗin na kowane ma'aikaci ne. Idan haka ne, abin da zai faru shi ne mutum biyar za su riƙa shiga da suna ɗaya don a rage kuɗi, daga nan kuma maganar sanin wanda ya fitar da kaya ta mutu. Sannan da zarar an haɗa sunan majinyaci da maganin da aka ba shi, an shiga hurumin dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje. Ya kamata ku san a wace ƙasa aka ajiye naku.

Ta kyauta da ake girkawa a gida

A nan uwar garken, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, tana cikin asibitin, sauran na'urori suna magana da ita ta waya ko wayifai na cikin gida. Ko duniya ta yanke, sito da famasi da kashiya suna ganin juna. Abin da ake buƙata wuta ce kawai, kuma ƙaramar kwamfuta ɗaya da na'urar rarraba sabis ba su fi ƙarfin sola da batir matsakaici ba.

Ba duka suke ɗaya ba. mSupply don siton magani aka gina ta tun farko, ta san rukuni da wa'adi da oda tsakanin babban sito da ƙananan cibiyoyi, tana da wadda ke aiki a kan kwamfutar hannu ta Android babu sabis ta aika bayanai in ya dawo. Tsohuwar tana da lasisin biya, sabuwar mai suna Open mSupply a buɗe take. Odoo ta Beljiyam da ERPNext ta Indiya manhajojin kasuwanci ne gaba ɗaya: saye, sayarwa, sito, lissafin kuɗi. Dukansu sun san rukuni da ranar ƙarewar wa'adi, kuma akanta zai so su, sai dai ba su san asibiti ba sai an koya musu, kuma a Odoo wasu sassa, kamar na karanta lambar bakod, suna cikin ɓangaren da ake biya. Bahmni kuwa ta asibiti ce sukutum, an fara ta ne don wani asibitin karkara a Indiya, ta haɗa OpenMRS na fayil ɗin majinyata da Odoo na sito da kuɗi. Amfaninta shi ne abin da likita ya rubuta yana isa famasi kai tsaye, lissafi ya ragu da kansa. Nauyinta shi ne sai asibitin duka ya shiga, daga ɗakin kati har ɗakin gwaji, kuma wannan aiki ne na shekara, ba na mako ba. Idan sito ne kawai damuwarku, kada ku ɗauko ta.

Wasu sukan kawo DHIS2 da OpenLMIS cikin wannan magana. Ta farkon, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta, ita Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita, ta biyun kuma don odar kaya a matakin ƙasa ko jiha aka yi ta. Ba su ne za su riƙe muku shige da ficen kanta na kullum ba.

Kalmar kyauta dai a yi hattara da ita. Manhajar ce kyauta, wanda zai girka ta, ya shigar da jerin kaya, ya koyar da ma'aikata, ya zo ranar da ta ƙi tashi, shi ba kyauta ba ne. Kuma ajiyar kwafi ta koma wuyanku. Tsawa ɗaya ta farkon damina ko ɓarawo ɗaya ya isa ya tafi da lissafin shekara uku. Dole kowane dare a sami kwafi a faifai na daban, wani kuma ya tafi intanet duk lokacin da sabis ya samu, sannan lokaci-lokaci a gwada dawo da shi a ga yana buɗewa.

A ƙera muku taku

Kaduna da Zariya ba su rasa matasa masu iya rubuta manhaja ba, daga Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma wasunsu sun ƙware ƙwarai. Jan hankalin a fili yake: za a yi muku daidai yadda kuke aiki, da naira, mai yin kuma kuna iya kiransa ya zo. Duk da haka ita ce hanyar da na fi jin tsoro. Allon shigar da kaya da fitarwa aikin sati biyu ne, shi ya sa farashin farko yake da daɗi. Abin da ke cin shekaru shi ne ƙananan abubuwa: kayan da aka dawo da su daga ɗakin jinya, rabin kwali, rukuni ɗaya mai farashi biyu, haɗa lissafi bayan yankewar sabis. Manhajojin da suka daɗe sun riga sun yi tuntuɓe da waɗannan a asibitocin wasu, sabuwa kuwa a kanku za ta koya. Sannan mutum ɗaya ne ya san cikinta, in ya sami aiki a Legas ko ya fita waje kun zama marayu. Abin da ya fi, a ɗauki matashin nan a biya shi ya girka ɗaya daga cikin buɗaɗɗun ya gyara ta daidai da ku. Ko ya tafi, wani zai iya ɗorawa.

To wace za a ɗauka?

Asibitin gwamnatin jiha, ko babba ne irin Barau Dikko da Yusuf Ɗantsoho da Gambo Sawaba a Zariya, ko ɗaya daga cikin cibiyoyin lafiya 255 na mazaɓu, ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Kayansa suna bi ta KADHSMA, hukumar jihar mai samar wa asibitoci magani da kayan aiki, rahoton kayan shirye-shirye yana tafiya NHLMIS, dandalin ƙasa na lissafin kayan lafiya, duk wata biyu, wasu cibiyoyin kuma suna karɓar kaya ta jirage marasa matuƙi na Zipline, waɗanda suka fara tashi daga Pambegua a 2022. Kafin a sayi komai a tambayi hukumar da ma'aikatar lafiya abin da suke amfani da shi da irin rahoton da suke so. Manhajar da ba ta fitar da rahoton a yadda ake karɓarsa ta ƙara wa ma'aikaci aiki ne, don zai shigar sau biyu.

Ga masu zaman kansu, ƙaramin asibiti mai sito ɗaya ya zauna a kati da Excel har sai ya ga sun yi masa kaɗan. Mai rassa a cikin gari, inda ake samun layi biyu na kamfanoni daban-daban, yana iya yin haya, da sharaɗin ta ci jarrabawar cire waya kuma da naira ake biya. Matsakaici da babba mai tiyata da ɗakin haihuwa da famasin dare, da duk wanda ke wajen gari ta Birnin Gwari ko Kachia ko Saminaka, ni dai uwar garke a gida zan ce, da kwafi a intanet: mSupply idan magani ne kan gaba, ERPNext ko Odoo idan lissafin kuɗi ne ya fi damun mai asibitin.

Ko wacce aka zaɓa, makon farko ba na kwamfuta ba ne. A rufe sito a ƙirga komai da hannu, rukuni-rukuni, har safar hannu da sirinji da auduga da zaren ɗinki, waɗanda su ne suka fi zubewa don ba a ɗauke su magani ba. A tsara jerin kaya da sunan asalin magani da ƙarfinsa da siffarsa, ba da sunan kamfani ba, in ba haka ba paracetamol zai fito sau bakwai. Mutum ɗaya kawai, mai haɗa magunguna, shi ke da ikon ƙara sabon suna. A ci gaba da cika kati tare da manhaja na wata biyu ko uku, duk Juma'a a zaɓi kaya 20 a gwada kanta da kati da allo.

A takardar yarjejeniya kuma a rubuta cewa bayanan na asibiti ne, kuna iya sauke su duka a Excel duk ranar da kuka so ba tare da ƙarin kuɗi ba, har da ranar da kuka rabu. A rubuta awa nawa za a ɗauka kafin a amsa kira idan ta tsaya, da sunan wanda zai zo da ƙafarsa daga cikin Kaduna. Kuma kashi na ƙarshe na kuɗin kada a biya shi ranar girkawa, a bari sai ƙirgen wata na uku ya yi daidai da abin da allo ya nuna.